Yadda Ake Gyara Intanet a Gidan Surukai Ba Tare da An Faɗi Suna Ba

Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na ba shi tabbacin abu biyu: kwamfuta za ta kama intanet, kuma za a ci gaba da kiransa Injiniya. Na gwada a Birnin Kudu, a falon surukata, har gobe da sunan ake gaishe ni, ko da yake sana'ata sayar da takin zamani ce a Gwaram.

Ga halin da kake ciki. Surukarka, Hajiya Zahara'u, ta aiko ka zo maza. Ɗanta na fari, wanda kowa ke kira Maikuɗi, likita ne a ƙasar waje, shekara huɗu rabon da ta sa shi a ido. An haifa masa ɗa, yau suna. Ya ce zai jira ta a bidiyo daga ƙarfe goma zuwa goma da rabi, sannan ya shiga tiyata. Kwamfutar da ya aiko mata ta ƙi haɗuwa da akwatin intanet ɗin da ke kan firji. Yanzu goma saura kwata.

Mataki na 1: Shigo da fuskar aiki

Cire takalmi, durƙusa, ka gaishe ta. Buɗe kwamfutar, ka ƙura mata ido, ka yi ɗan tsaki. Kada ka tuna wa kowa cewa kai ne makon jiya ka wanke ta don ta ƙara sauri, har ta manta duk abin da ta sani. Ƙwararre ba ya tone-tone.

Mataki na 2: Kashe, ka kunna

Wannan shi ne rabin ilimin kwamfuta. Ɗaya rabin shi ne ka sake kashewa, ka sake kunnawa. Idan Hajiya ta ce, "Injiniya, lafiya dai ko?" ka ce, "Tana hutawa ne, Hajiya."

Mataki na 3: Nemo mai laifi

Ka fara da masu wuta, ka koma kan hadari, ka ƙare da kamfanin layi. Ɗauki akwatin ka ɗaga sama, ka zagaya tsakar gida kamar mai neman watan Sallah. Fitilunsa duk kore ne, wato lafiyarsa ƙalau, amma ba lallai jama'a su sani ba. Idan aka ce ka gwada wayarka, ka faɗi gaskiya sau ɗaya: layinka ba ya kamawa a unguwar sai an hau tankin ruwa, kuma ba a hawa tanki a gaban suruka.

Mataki na 4: Karɓi shawara kamar taka ce

Catherine, ma'aikaciyar jinyar da ke haya a ɗakin waje, za ta leƙo ta dubi gilashin sau ɗaya. "Injiniya, ai faswod take tambaya." Ka ce, "Nan na nufa." Goma da minti biyar.

Mataki na 5: Tambayi Hajiya

"Hajiya, wace kalma aka sa wa akwatin?"

Za ta sunkuyar da kai. "Sunan yaron nan ne. Shi ya sa da kansa."

Rubuta Maikudi. Rubuta da babban baƙi, da ƙarami, ka haɗa da shekarar haihuwa. Duk za ta ƙi.

"Ba wannan ba," in ji Hajiya. "Na yanka."

A nan ne ilimin boko ke ƙarewa. Uwa irin Hajiya ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle wanda ya ci sunan surukinta. Shekara talatin da takwas "yaron nan" take cewa. Kai kuma shekara biyar kana auren ƙanwarsa, ba ka taɓa jin an kira shi da wani abu ba bayan Maikuɗi. Catherine "Dokta" ta sani. Mijinta Alhaji yana gona a Dingaya, matarka tana cikin mota da gwaggonni daga Fagam, wayarta a kashe.

Mataki na 6: Kada ka yi canki-canki

Ni na yi. Na jero sunaye kamar mai kiran rajista a aji, Hajiya tana kallon tabarma. Ko na dace ba za ta ce e ba. Na miƙa mata biro da takarda, ta ce, "Don ka karanta min da ƙarfi?" Da ma abin da zan yi ke nan. Goma da minti ashirin. A lokacin ne na ga ta ɗaga kai ta dubi agogo, kuma na ji kunyar kaina fiye da yadda na taɓa ji.

Mataki na 7: Idan ta ce miƙo, ka miƙa

Ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugune, ka juya baya. Za ta sa tabarau, ta nemo haruffan da yatsa ɗaya, a hankali. Sai ka ji ta kira ka.

"Injiniya, ba ta rubuta ba. Ɗigo-ɗigo take yi."

"Haka take, Hajiya. Ɓoyewa take yi, ba ta nuna wa kowa."

Za ta daɗe tana kallon ɗigon. "Ashe ta san kunya," za ta ce. "Ta fi wasu." Kada ka tambayi su wa.

Mataki na 8: Ja gefe

Goma da minti ashirin da shida fuskar Maikuɗi za ta cika gilashin, yana cewa, "Inna! Inna, kina ganina?" Za ta ce, "Kai, matsa, ba kai na zo gani ba. Ina angon nawa?" Za a ɗago jaririn, ta yi masa tsiya cewa ya zo ba ko goro. Amma idonta yana can gefen gilashin, inda rabin fuskar yaron nan ta rage, hawaye na sauka a mayafi. Kai ba ka gani ba. Duba waya kake yi a bayan firji.

A kula: marubucin nan ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya, ko lalacewar kwamfuta, ko zubewar girma, ko a koma kiranka Malam Manu mai taki. Kada kuma a tare ni a kasuwa ana tambayar faswod ɗin. Na ƙirga ɗigo takwas, na kawar da kai. Abin da uwa ta riƙe shekara talatin da takwas, ba Injiniya ne zai buɗe shi ba.