Juma'ar da Na Nemi Yafiyar Hedimasta

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na miƙe a ɗakin malamai ina neman yafiya ba.

Aji biyar nake koyarwa a wata firamare da ke gefen Tofa. A gaban allo abin ya fara. Da na ɗaga hannun dama zan rubuta kwanan wata a can sama, sai ya yi min nauyi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su sage, kamar ana tsira min allura. Wani lokacin tafin ya yi sanyi ƙalau, alli ya suɓuce, yara su yi ta ƙunshe dariya.

Mai kemis ya ce hawan jini ne, ya gwada, lafiya lau. A asibiti a Bici aka duba zuciya, ita ma garau. Aka ba ni maganin sanyin ƙashi, na shanye, shiru. Surukata ta ce iska ce, ta yi ta turara ni har mayafaina suka koma warin hayaƙi. Wata huɗu ana haka. Ni kuwa (Allah Ya zuba min tsoro, ko allura na gani sai na yi salati) na yanke wa kaina hukunci: ciwon da likita bai gani ba, ai na ajali ne.

To, mai shirin tafiya me ya rage masa? Neman yafiya. Da aka tashi taron malamai na miƙe, hawaye shaɓe-shaɓe. Malama Rifkatu, ƙawata mai aji uku, tana jan gefen hijabina tana cewa, "Ke, zauna mana!" Ina! Na riga na yi nisa.

Da na tsaya a "ku yafe min" da an wuce wurin. Amma sai na juya wajen Hedimasta, dattijon da ko tari ba a yi a gabansa.

"Malam, ka tuna bara da na ce gwaggona ta Kano ta rasu, ka ba ni kwana uku? Wallahi tana nan da ranta. Bikin ƙawata na je a Bici."

Mutumin nan fa har gida ya zo da malamai ya yi min ta'aziyya. Maimakon in kama bakina, sai na ƙara: "Kuma sunan nan da ake kiranka a ɓoye, Sai An Duba, ni na raɗa maka." (Duk abin da ka roƙe shi, amsarsa ke nan.)

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ranar Litinin maigidana ya kai ni babban asibiti a Kano. Wata likita ta saurare ni tsaf, ta ce in ɗaga hannuwa biyu kamar wadda 'yan sanda suka tare, in riƙa dunƙulewa ina buɗewa. Ban yi minti ɗaya ba hannun dama ya faɗo. Bayan hoto da wasu gwaje-gwaje ta ce akwai wata 'yar ƙofa tsakanin ƙashin da ke kwance a gindin wuya da haƙarƙarin farko, ta nan jijiyoyi ke bi zuwa hannu. Tawa ta matse. Ɗaga hannu kullum da ƙatuwar jakar littattafan da nake rataya a kafaɗa suna ƙara mata. Ta ce ciwon yana wuyar ganewa, don yana kama da wasu cututtuka barkatai.

Na ce, "Likita, kwana nawa suka rage min?"

Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce motsa jiki za a koya min a sashen gashin ƙashi, duk Laraba, wata da watanni, sai na yi haƙuri. In bai yi ba ne ake maganar tiyata.

Maigida yana ta hamdala, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Duk Laraba! Wa zai ba ni izini? Mutumin da na gaya wa da bakina cewa ƙarya nake yi masa in ina son fita.

Washegari na shiga ofishinsa da takardar likita. Ya karanta ta sau biyu.

"Malam, ko za a taimaka?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sai an duba."

Wayyo, da ƙasa za ta tsage da na shige! Na juya zan fita, ya ce in tsaya. Ya sa hannu a takardar, ya ce tuni ya lura da wahalar da nake sha a gaban allo, har ya riga ya gaya wa kafinta ya sauko da allon aji biyar daidai kafaɗata.

"Can Kano, a ina za ki riƙa sauka?"

Na sunkuyar da kai. "Gidan gwaggona, Malam."

"Madalla. Ki gaishe min da marigayiya."

Yau hannu ya yi sauƙi sosai, jakar ma na rabu da ita. Amma har gobe, duk Laraba sai Malama Rifkatu ta ba ni saƙon gaisuwa ga marigayiya. Neman yafiya abu ne mai kyau, ban ce a fasa ba. Sai dai in za ka haɗa da tonon asirin kanka, ka bari sakamakon asibiti ya fito tukuna.