Baba da Dambe a Shagon Kwamfuta

Wani ne a Rogo Sabon Gari ya sayar da gyaɗarsa kaf, ya buɗe shagon kwamfuta. Duk kwamfutocin intanet ɗaya suke sha, daga wani ɗan akwati mai ƙaho da ke maƙale a bango. Ɗalibai na ta zuwa rajistar jarrabawa, gogan naka har ya fara tafiya da ƙyar.

Sai surukinsa, uban matarsa, ya gano ana kallon dambe a ciki. Kullum da hantsi ya taso daga Zoza, ya tuɓe takalmi, ya harɗe a kwamfutar bakin ƙofa. Dambe na gudu, rajistar yara na rarrafe. Ɗalibai suka fara sulalewa shagon tsallaken titi.

To wa zai ce wa suruki tashi? Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gabansa.

Da yake mai shagon tsohon manomin rani ne, ya san yadda ake datse wa fangali ɗaya ruwa. Ya ƙulle wayar kwamfutar tamau, ya danne ta da dutse. Washegari dambe har ya fi fitowa tas.

Ya kira Zulkifilu mai gyara, ya ja shi gefe.

"Waccan kaɗai za ka datse wa intanet. Amma kada Baba ya san da hannuna."

"Ba wuya, maigida. Sai dai da ka faɗa masa kawai."

"Kanka ɗaya kuwa? Surukina ne fa."

Zulkifilu ya danna ƴan abubuwa, ya datse. Baba ya zo, ya latsa, shiru. Ya ce, "Yau wannan ba ta jin daɗi." Ya tashi wata ɗaliba, ya zauna a tata.

Mutumin ya sake kiran Zulkifilu. "Datse wannan ma."

"Maigida, ba kwamfuta ce ke yawo ba fa, tsohon ne."

"Shawara na kira ka ko aiki? Datse."

Haka aka yi ta yi. Baba ya matsa, a datse. Ya matsa, a datse. Kafin Juma'a babu mai intanet sai ta kan teburin mai shagon. Ɗalibai kuwa ko mai leƙowa babu.

Da hantsi sai ga Baba. Ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana latsawa, kamar mai zaɓen kankana. Da ya iso teburin, mai shago ya yi wuf ya sauka daga kujerarsa, ya durƙusa a ƙasa, kai a sunkuye.

Baba ya zauna, ya kunna dambe. Ya kalli shago fayau, ya kalli mijin ƴarsa, ya gyaɗa kai.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe duk don ni ka kori yaran nan. Dubi yau ko sarƙewa hoton ba ya yi."