Tsakuwar Mutumin Assakio

Wani ne mutumin Assakio, manomin doya, irinmu ɗin nan da in ƙaya ta soke mu sai duk unguwa ta ji labari. Ana tsakiyar huɗar doya ciwo ya kama shi a kwiɓi, fitsari kuma sai da cije baki. Ya jefar da garma ya kwanta gindin mangwaro yana nishi. Matarsa Perpetua ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Wannan ciwo naka ya san kalanda," in ji ta. "Lokacin huɗa yake zuwa, lokacin cin sakwara ba a ganinsa."

Likitan garinsu ya duba shi ya ce da alama tsakuwa ce a hanyar fitsari, ya ce masa ya tafi Lafia a yi masa sikanin, wato hoton ciki. Gogan naka ya dawo gida yana jan ƙafa, ya ce wa Perpetua an gano tsakuwa a cikinsa, ta kai ƙwan zabuwa. Likita dai bai faɗi girma ba. Amma mu maza mun san ciwo ba ya daraja a gida sai an ɗan ƙara masa gishiri.

"To, je ka kawo hoton," in ji Perpetua. "In na gani da idona, ni da ƙannena za mu gama gonar. In babu, garmarka na nan tana jiranka."

A Lafia ya tarar da mai ɗaukar hoton, Madam Rahmat, mace ce da ba ta maimaita magana. Ta miƙa masa fiya wata leda huɗu.

"Injin ba ya gani sai mafitsara ta cika. Ka shanye, ka riƙe, kar ka zubar sai na kira ka."

"Madam, ai abin da ya kawo ni ke nan. Ba ya riƙuwa."

"Yau zai riƙu."

Ya shanye ya zauna a benci. Mata masu ciki goma sha ɗaya ne a gabansa, kowacce ta riƙe nata tana hira abinta. Shi kuwa ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya sauke, ya tashi, ya zauna. Ga famfo a lungu yana ɗiga, ɗis, ɗis. Ga mai goge ƙasa tana matse tsumma a bokiti. Da ya ga zai yi abin kunya gaban matan mutane, sai ya sulale. Yana dawowa aka ce sau uku ana kiransa.

Madam Rahmat ta ɗora masa kan injin a mara, ta dubi allon, ta dube shi.

"Oga, ina ruwana?"

"Madam, yana bayan katanga."

"Gobe."

Washegari ya yi dabara. Ya ce tun daga gida zai cika, ya iso a shirye, ba sai ya zauna a benci ba. Ya sha leda shida, ya bi da kunu, ya shiga mota. Ya manta da ramukan hanya. Kowane rami motar ta faɗa sai ya kira sunan Yesu. Sau uku yana tsai da direba, har fasinjoji suka ce a gaba in ya sauka a bar shi a nan. Ya iso Lafia fayau, ko ɗigo babu. Madam Rahmat ko kwantar da shi ba ta yi ba, kallon tafiyarsa kawai ta yi ta ce, "Gobe."

Rana ta uku shi ne na farko a layi. A bakin ƙofa ya sha ruwansa, ya daure, ya haɗa gumi, har aka kira shi. Ta shafa masa man nan mai sanyi, ta danna.

"Yauwa! Yau ka cika."

Rufe bakinta ke da wuya aka ɗauke wuta.

"Kar ka motsa, yanzu za a tada janareto."

Ya kwanta yana kallon rufi, yana addu'a da harshe uku. Saura kaɗan ya tsira, sai dai janareton a bayan taga yake, kuma mai gadi ya fara tsiyaya masa fetur daga jarka, ƙulu-ƙulu-ƙulu. Ai kuwa mutumin ya diro daga gado, wando a hannu, ya ratsa matan benci a guje.

A bayan katanga aka ji ya kurma ihu, kamar an zuba masa barkono. Sai wani abu ya faɗi a siminti, ƙyas. Nan take ciwon kwana tara ya ɗauke. Ya duƙa ya tsince abin da ganye, ya ƙura masa ido, ya ƙulle shi a ganyen.

Wuta ta dawo, ya sake shan ruwa ya cika, ya koma ya kwanta. Madam Rahmat ta duba ƙodar dama, ta duba ta hagu, ta duba mara.

"Barka, Oga. Babu komai. Ta fita da kanta. Gobe ma kana iya komawa gona."

"Gona?"

"Gona."

Ya tuna da garma, ya tuna da Perpetua. A hankali ya kwance ganyen ya ajiye a kan gadon. Tsakuwar ko ƙwayar dawa ba ta kai ba.

"Abeg, Madam, ɗauki hotonta a nan. Amma ki matso da injin sosai, don a gida ƙwan zabuwa suke jira."