Ranar da na nemi magabatan farfesa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsare wani tsohon Bature da maganar aure ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina.

Ni tsohon shofer ne, wato direba, na ajiye aiki ina zaune a unguwar Yantala, kuma ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba. Autata Rakiya kuwa ta ƙare karatun kimiyya a jami'a, ta ce tana neman gurbin doktora a ƙasar waje, kan wata irin ordinater, wato kwamfuta, da ake kira kantik. Na ce ta yi mini bayani. Ta ce, "Baba, a cikinta abu yana iya zama i da a'a a lokaci guda." Nan na gyara zama. (A iya sanina, maƙaryaci kaɗai ke da wannan fasaha.)

Sai na fara sa ido. Wata safiya ta goge mayafinta mai kyau, ta sa kwalli, ta roƙi a yi shiru a gidan, ta rufe ƙofa. Kwalli don karatu? Na kasa kunne a taga, na ji muryar namiji yana faransanci, na ji ta yi dariya. Uwarta ta ce, "Malam, jarrabawa ce fa, gurbi ɗaya ake takara a kansa. Ka zauna." Na ce, "Ke dai ba ki san duniya ba."

Na zura babbar riga, na banka ƙofa. Ga Bature mai furfura a gilashin ordinater. Na matsar da Rakiya na zauna, na ce da Hausa (faransancina ya gudu ya bar ni, sai "Mushe", wato Malam, kaɗai ya rage): "Mushe, mu nan ba a neman ƴa ta taga. In da gaske kake, turo magabatanka. Kuma matanka nawa?"

Sai fuskar wata dattijuwa mai tabarau ta bayyana a gefen gilashin. Ashe kwamiti ne guda yake sauraro. Ta ce da Hausar Damagaram tsantsa, "Ina kwana, Baba. Farfesa yana tambayar abin da kuka ce. In fassara duka?"

Na ce, "A gaishe shi kawai."

Ta fassara duka. Na san haka ne don na ga kafaɗunsa suna rawa.

Rakiya ta kasa ci gaba, sai hawaye, aka ɗage ganawar. Kwana da kwanaki tana kawo mini shayi ba ta kallon idona, ni kuma na rasa bakin ba da haƙuri. Karo na biyu a ɗakin ƙawarta ta yi, can unguwar Lamorde. Ba wanda ya gaya mini ranar, har uwarta, kuma ban ga laifinsu ba.

Sun ɗauke ta. Yanzu in ta kira gida ta bidiyo, tsohon farfesan yakan leƙo ta bayanta ya ɗaga hannu ya ce, "Suruki!" Ita ce kalmar Hausa ɗaya da ya koya.

Karatun nata dai na tsinci abu ɗaya a ciki. Gaskiya ta faɗa, abu yana zama biyu a lokaci guda: ga ni uba mai alfahari, ga ni sakarai, kuma duk cikin riga ɗaya.