Jazuli Mai Zaɓa wa Mutane Kwas

Tare muka shiga jami'a da Jazuli. Na gama, na yi bautar ƙasa, na yi aure, har ɗana ya fara rarrafe, shi kuwa yana nan a Tsangayar Kimiyya bai gusa ba. Digirin shekara huɗu ne, amma nasa har ’yan gidansu sun daina ƙirgawa. Ya fara da Kemistiri, lissafi ya koro shi. Ya koma sashen nazarin duwatsu, ya ce rana ta yi yawa. Yanzu yana sashen nazarin tsirrai, wai ganye ba ya cizo. Duk da haka, in aka zo makon rajista babu wanda ya kai shi kasuwa. Benci ne da shi a gindin darbejiya kusa da mai shayi, nan sababbin ɗalibai suke yin layi yana zaɓa musu sashen da za su shiga da kwasa-kwasan zaɓi da za su ɗauka. Ba ya karɓar komai sai shayi mai kauri da indomi da ƙwai, kuma da wannan yake rayuwa har samista ta ƙare.

Rannan na je jami'ar karɓar wata takarda sai na tarar da majalisar Jazuli ta cika. Na ja gefe na zauna, don ni wallahi har yau ƙarfin halin mutumin nan yana burge ni.

Shi Jazuli ba ya tambayar yaro me yake so ya zama. Wannan a wurinsa surutun banza ne. Dokokinsa daban suke. Kwas ɗin da ake yi da sassafe, a bar shi. Wanda ya faɗo ranar Juma'a da yamma, haramun ne. Malamin da ya dawo daga karatu a ƙasar waje kwanan nan, a guje shi, don haushin ƙasar gaba ɗaya a kan takardarka zai huce. Malamin da ke neman kujerar shugaban sashe kuwa a bi shi da gudu, bana ko sunanka kawai ka rubuta ka ci. Kwas ɗin da ya fi kowanne albarka shi ne wanda aji ke cika har taga, domin babu malamin da zai zauna ya karanta wannan tulin takardu, auna su yake yi da ido. Da wani yaro ya ce yana sha'awar Fizis, sai Jazuli ya dube shi da tausayi ya tambaye shi ko wani ne ya ɓata masa rai a gida.

Ana cikin haka layi ya zo kan wata yarinya mai suna Hindatu, ’yar siririya, ba ta da hayaniya. Ta ce ita Kemistiri za ta yi, ta haɗa da ƙididdiga da kwamfuta a matsayin zaɓi, domin tana son aiki a inda ake gwajin magunguna. Abin da kawai take son sani shi ne ko lokutan darussan suna cin karo.

Jazuli ya ajiye kofi ya yi salati. Ya ce ta haɗa wa kanta masifa uku a kwano ɗaya. Ya lissafa mata malaman ɗaya bayan ɗaya: wannan ba ya dariya, wancan yana rufe ƙofa kafin ya gaisa, na ukun kuwa tambayar da bai koyar ba ita yake fara kawowa. Ya ce ta bar wannan wahala ta ɗauki kiwon zuma, malamin dattijo ne, kuma a ƙarshen samista har ɗanɗano ake yi.

Hindatu ta tambaye shi, cikin ladabi, yadda aka yi ya san malaman nan haka.

Ya gyara zama ya ce, “Ƙanwata, babu ajin da ban zauna ba a ginin nan. Wasu ma sau biyu, wasu sau uku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.”

To, nan fa ya yi kuskure, don yara sun fara lissafi a zuci. Wani ya raɗa wa na kusa da shi cewa ai sau uku ba ƙwarewa ba ce, faɗuwa ce. Wanda aka hana Fizis ya lallaɓa ya janye takardarsa daga kan benci. Mai shayi ma da ya ɗauko ƙwai zai fasa sai ya tsaya da shi a hannu, yana jira ya ga ko akwai sauran mai biya. Ni kaina sai da na ji tausayin abokina, domin abincin samista guda ne yake shirin tashi a gabansa.

Hindatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Yaya, ka yi haƙuri da tambayata. Tunda ka san hanyar fita haka, kuma duk wanda ka nuna wa ya fita, kai me ya hana ka fita?”

Jazuli ya ɗauki kofinsa, ya kurɓa a hankali, ya yi wa mai shayi alama da hannu ya fasa ƙwan ya soya. Sannan ya dube ta.

“Ke duk tafiye-tafiyenki, kin taɓa ganin ɗan kamasho ya shiga mota?”