Tallar Ajin Matan Ruma

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a zauren surukina a Batsari ba. Ranar ce na zauna a gaban dattawa huɗu, waya a hannuna, ina ta yi wa wani bawan Allah kwatance, shi bai gane ni ba, ni ma ban gane shi ba.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare (wannan shi ya ƙara wa abin muni). Daga Katsina aka tura ni Safana, daga baya aka mayar da ni Batsari, a nan na auri Hafsatu, 'yar Malam mai Islamiyyar unguwarmu. Malam mutum ne mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Mai kwamfuta".

A shekarar, mutanen ƙauyukan Ruma, nan kusa da Batsari, da 'yan bindiga suka tasa sun cika gari, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Malam ya ce zai buɗe wa matansu ajin karatu kyauta, Hafsatu ta riƙa koyar da su. Matsalar ita ce a warwatse suke, ba a san yadda za a sanar da su ba. Ina zaune a gefe, ba wanda ya tambaye ni, sai na ji bakina ya ce, "Allah gafarta Malam, a bar mini wannan. Akwai AI."

"Wane ne shi?" in ji Malam.

Na yi bayani cewa manhaja ce mai basira, kana yi mata magana tana yi maka aiki. Zan haɗa ta da asusun talla na shafin makarantarsa na intanet, ita za ta nemo matan Ruma ɗaya bayan ɗaya ta nuna musu sanarwar a wayoyinsu. Malam ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya taimaka."

Gaskiyar magana, ban taɓa yi ba. Bidiyo ɗaya na kalla, shi ma rabi, data ta ƙare.

Washegari na zauna a ofishin malamai lokacin tara. Manhajar ta nemi izinin shiga asusun, na ba ta. Ta nemi wani izinin, na ba ta. Aka turo lamba ta saƙo, kafin in kwafe ta lalace, aka turo wata. Shafi ya buɗe wani shafin, wancan ya dawo da ni na farko. Har na daina sanin ko ni nake haɗa su ko su suke haɗa ni. Can dai wani koren rubutu ya fito cewa an haɗa. Na rubuta mata umarni da Turanci (don a san malami ne): mata, masu jin Hausa, mazauna Ruma da kewaye. Ta jero wasu dogayen maganganu, a daidai lokacin aka buga ƙararrawa. Na rubuta mata ta ci gaba kawai, na tafi aji ina jin kaina kamar wani injiniya.

Kwana biyu sai saƙonni suka fara shigowa, da wani yaren da ban taɓa gani ba. Kowace kalma sai ta ƙare da "o" ko "a". Na ɗauka Fulatanci ne aka rubuta da gaggawa, na kai wa wani abokin aikina Bafulatani. Ya juya wayar sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ko kakata ba ta san shi ba." Sai na yanke cewa Faransanci ne, tallar ta tsallaka Nijar. Ai kuwa na ƙara jin daɗi.

Na tambayi manhajar yadda abubuwa ke tafiya. Ta ce mutane da yawa sun gani, amma kaɗan ne suka fahimta, ko ina so ta fassara sanarwar zuwa Italiyanci? Na yi dariya har da buga tebur. Na zagaya da wayar ina nuna wa malamai: "Ku ga injin da ake cewa ya fi mutum basira! Me ya haɗa matan Ruma da Italiyanci?" Kowa ya yi dariya. Na rubuta mata a'a, na kuma ja mata kunne ta daina shirme.

A gida kuwa na ce wa Hafsatu ta nemi ƙarin tabarmi. Ta aro guda shida a maƙwabta. Ta share ajin, ta cika randa, ta sayo alli.

Ranar buɗewa, mata uku suka zo. Ukun ma a bayan gidan Malam suke zaune, ta katanga suka ji labari. Hafsatu ta shimfiɗa tabarmi tara, ta naɗe takwas. Da ta dawo ta ajiye mini abinci da ɗan ƙarfi.

Bayan la'asar Malam ya aiko in zo. Na tarar da shi da dattawan kwamitin makaranta uku. Na durƙusa na gaida su ɗaya bayan ɗaya, na ja gaisuwar iya yadda za ta jawu. Malam ya ce, "Mai kwamfuta, ina matan?"

Na fara kame-kame: wai irin wannan aikin yana ɗaukar lokaci, wai mutane sun gani, sai dai kunya. Ina cikin haka waya ta yi ƙara, wata doguwar lamba. Na ɗauka, na ji sallama da Hausa tsantsa, mutumin ya ce a kan ajin matan Ruma yake kira. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga shaida," na ƙara muryar wayar don kowa ya ji.

"Sunana Idi," in ji mutumin. "Ni mutumin Maraɗi ne, amma shekarata takwas a nan. Maiɗakina ta daɗe tana neman inda za ta yi karatu. Wallahi da ta ga sanarwar har hawaye ta yi. A wace unguwa kuke?"

Na dubi dattawa, na gyara zama. Na ce, "Malam Idi, abu mai sauƙi ne. In kun fito, ku hau mashin zuwa tasha."

"Mashin? Ba jirgin ƙasa?"

"Wane jirgi kuma? Mashin dai. Amma ku fito da rana, kada ku bi ta gefen daji."

"Daji?" in ji shi. "Wane daji?"

Na ce a raina, wannan ko dai firgici ya taɓa shi. Shekara takwas a Ruma bai san daji ba? Na sassauta murya, na ce, "Kada ka damu. In kun shigo Batsari, ku tambayi gidan Malam, bayan masu man gyaɗa."

"Batsari... Tana kusa da Fadar Paparoma ne?"

Wani dattijo ya ajiye carbinsa. Ni kuwa har a lokacin ban gane ba. Na ce, "Malam Idi, wai daga wace Rumar kake magana?"

"Roma mana. Italiya. Ba nan kuka buɗe ba?"

Na rasa inda ake kashe wayar. Malam Idi yana ta "Alo? Alo?" Malam ya sunkuyo, ya ce a hankali, "Mai kwamfuta, wato Rumawan da aka saukar da sura da sunansu, su ka gayyato ajin Hafsatu?"

Dattijon da ke gefensa ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Sauran ba su ma ɓoye ba. Malam ya karɓi wayar daga hannuna, ya gaisa da Malam Idi cikin natsuwa, ya ba shi haƙuri, ya tambayi iyali. Ni dai ina kallon tabarma.

Ina fita na buɗe manhajar da niyyar in zazzage mata. Na koma farkon hirarmu, sai ga shi: wayata ce ta gyara mini rubutu, Ruma ta koma Roma. Dogayen maganganun nan da ban karanta ba, tambaya ce. Ta ce shafin makarantar a Katsina yake, na tabbata Roma ta Italiya nake nufi? Sau biyu ta tambaya. A ƙasa ga amsata, da manyan baƙaƙe: ta ci gaba kawai.

Da Hafsatu ta ba ɗalibanta uku labari, babbar cikinsu ta ce, "Yo ko da tallar ta zo Rumar tamu, wa ke da irin wannan wayar? Mu da muka fito da zanen jikinmu?" Su ukun suka ɗauki Hafsatu suka bi gida gida. Kafin mako ya zagayo sai da aka sake aro tabarmin.

Matar Malam Idi ma ba ta tashi a banza ba. Duk Asabar Hafsatu tana yi mata ƙari ta waya, yanzu ta kusa izu biyar. Ita kaɗai ce ɗalibar da fasahata ta kawo, ita ma bisa kuskure.

Abin da na koya? Na yi mako guda ina yi wa inji dariyar rashin fahimta, alhali a cikinmu biyu shi kaɗai ne ya tsaya ya yi tambaya. Har yau ina koyar da kwamfuta, amma darasin farko da nake ba ɗalibai ya canza: kafin ka ce "eh", karanta abin da aka tambaye ka. Suna rubutawa da gaske, suna ganin hikima ce. Ban taɓa gaya musu inda na samo ta ba.