Ranar da Na Caje Gwaggon Ango

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Rabi a Kurfi ba, ko na so in manta dangi ba za su bar ni ba. Kuma ni dai har gobe ina cewa laifin ba nawa ne ni kaɗai ba, masu shirya finafinan bincike suna da nasu kason.

Ni malamar makaranta ce a Dutsin-Ma, kuma a lokacin na kamu da kallon finafinan 'yan sanda da ɓarayi a waya. Gaskiya suna da daɗi. Ba sa barin mutum ya ƙifta ido, kuma suna koya masa lura da abin da kowa ya tsallake. Kafin a kai rabin fim na gano mai laifi. (Maigidana ya daina kallo tare da ni saboda haka, ni kuwa na ɗauka hassada ce.)

Ranar kai amarya da la'asar aka nemi sarƙar gwal da Rabi za ta sa, aka rasa. Ta gado ce, ta marigayiya kakarmu. Ɗaki cike da mata, ana ta salati, ana ɗaga katifa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce yau ranata ce.

Na bi kowa da kallo. Can a lungu ga wata tsohuwa da ban sani ba, ta yi shiru, ko salatin ba ta yi, ta damƙe wani ƙulli a bakin zanenta. A fim ai mai shiru shi ne ɓarawo. Na tura ƙofa, na danna sakata (wallahi har da sakata), na ce, "Kada kowa ya fita."

Na tsaya a kanta. "Iya, mene ne a ƙullin nan?"

"Goro ne, 'yar nan."

"To a kwance mu gani."

Ta kwance ƙullin. Goro biyu ne da ɗan kanumfari. Ashe haƙori ke mata ciwo, shi ya hana ta magana.

Sai ga Innarmu tana dukan ƙofa. Aka buɗe ta shigo da sarƙar a hannu. Tun safe ta kulle ta a akwatinta saboda cinkoson jama'a. Tana ganin tsohuwar da bakin zane a kwance ta dafe ƙirji. "Hajiya! Lafiya?"

Gwaggon ango ce daga Ɗantutture. Ita ta raine shi, ita ta jagoranci masu ɗaukar amarya.

Ta ƙulle goronta a tsanake ta ce, "A ce wa direba ya tada mota. Gidan da ake caje baƙi ba ma ɗaukar amarya a cikinsa."

Rabi ta fashe da kuka. Inna ta durƙusa, na durƙusa, aka kira Babanmu daga waje, shi kuma ya kira liman. Sai dab da magariba Hajiya ta haƙura. Da za ta shiga mota ta waiwayo ta ce, "An ce malama ce ke?" Na ce e. Ta ce, "Allah ya kiyaye 'ya'yan mutane."

Abin da ke ƙona mini rai ke nan da finafinan nan. A can, in mai bincike ya zargi marar laifi, sai a sa kiɗa a wuce wani waje. Ba a taɓa nuna shi durƙushe a kan siminti yana ba da haƙuri, ba a nuna uwarsa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa. Wanda ya zarga ma ba surukin kowa ba ne, ba za su sake haɗuwa a suna ba. Ni kuwa duk sunan gidan Rabi sai na tarar da Hajiya, kuma tana hango ni take ɗaga bakin zanenta ta ce, "Malama, za a duba ne?"

Har yanzu ina kallon finafinan, ban fasa ba. Amma yanzu in abu ya ɓata a gidan biki, ni ce ta farko da ke fara salati.